Sunan Baba a Ƙasan Shafi

Leeuwarden, 9 ga Maris

Zuwa ga Yayana Douwe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anneke da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sassauta muku sanyin Kanada. Mu nan ƙalau muke, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa. Gwiwar Inna ta yi sauƙi har ta koma hawa keke zuwa coci. Baba kuwa zuciyar ce dai, likita ya hana shi kofi, shi kuma yana shan biyar a wuni.

Ka tuna shari'ar gonar hayarmu da Baba ya sha kaye shekara ashirin da biyu da suka wuce, aka sayar da shanu, kai kuma ka tattara ka bar ƙasar. Shekara uku ke nan ina bin diddigin hukuncin nan, yanzu na kammala maƙalar da ke nuna alƙalan sun yi wa dokar hayar gona gurguwar fahimta. Mujallar shari'ar da zan aika wa ta ce kada a wuce kalma dubu goma. Ka san ni da surutu, sai da na yanke dubu uku ina ji kamar naman jikina ne.

Abin da ya gagare ni yankewa shi ne layi biyu a ƙasan shafin farko, inda na sadaukar da aikin ga mahaifina Wiebe Algra, wanda aka yi shari'ar da shi. Ƙa'idarsu ita ce masana biyu ne za su auna aikin ba tare da sun san marubucin ba, don haka dole a goge duk abin da zai tona shi. Shugabata, Farfesa Zijlstra, ta ce in ban cire ba edita zai dawo mini da ita ko buɗewa bai yi ba, wai in an karɓa sai in mayar. Amma jiran amsa kan kai wata shida, Baba kuma shekararsa tamanin da ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, Yaya. An raba mutum da gonarsa, layi biyun ma sai an raba shi da su?

Ran Lahadi na kai masa. Ya zauna a teburin kicin da fensir yana karantawa har dankalinsa ya huce, ya ma gyara mini girman gonar da na rage. Da na faɗa masa damuwata sai ya kalle ni ta saman tabarau, wai ashe duk karatun nan nawa na banza ne, 'yar boko marar wayo. Ya ce shekara ashirin da biyu ni da Inna muna ce masa shi ke da gaskiya, bai taɓa samun sanyi ba, don naka ba ya ganin laifinka. In masanan nan suka san 'yarsa ce ta rubuta, za su ce tausayi ne. Shi so yake baƙi biyu da ba su taɓa cin abincin gidanmu ba su karanta su ce an cuce shi. Da hannunsa ya ja layi ya soke sunansa. Ba zan ɓoye maka ba, sai da na yi hawaye.

Yau da safe na aika. Farfesa ta ce hujjojin suna da ƙarfi, ni ma jikina yana ba ni alheri. Ka taya mu da addu'a, mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Ka gaida Anneke, da Hidde da 'yar ƙarama Nynke. Inna na gaishe ku. Baba ya ce in faɗa maka ya rage kofi zuwa ɗaya, ba don likita ba, amsar nan yake jira.

Ƙanwarka mai kewarka,
Tjitske