A Nemo Min Fim Mai Sa Kuka

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya, ke da yaran. Ya gwiwar Umma?

Ni lafiyata ƙalau. Ɗakina shiru, ba mai damuna sai firij. Jiya tsohuwar da muke haɗa bango ta ƙwanƙwasa min ƙofa. "'Yata, rasuwa aka yi muku? Na jiyo kuka." Na ce a'a, likitan cikin fim ne ya manta matarsa bayan hatsari. Ta leƙa talabijin, ta gan shi a kashe. Ta koma ɗakinta, mace mai kawaici.

Gaskiya wancan fim ɗin ya daɗe da ƙarewa. Don Allah ki tambayar min Umma wani mai tsawo, irin wanda za a haifi jariri har ya yi aure ba a gama ba. Ya zama mai ban tausayi, in samu hujja. Idan za ta kalla kuma, ki kira ni, ki ajiye wayar kusa da ita. So nake in ji tana yi wa mugun cikin fim ɗin faɗa kamar yana jin ta. Allah ya bar mana ita.

Ga tsohuwar ta dawo, wai in zo mu kalli nata. Bari in ja ƙofa in bi ta.

Ƙanwarki.