Jinin Tegan

Cygnet, Tasmaniya
Watan Afrilu

Yaya Narelle,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da zafin Darwin. Mu muna tsakiyar tsinkar tuffa.

Yaya, na faɗo daga kan tsani. Ƙafar hagu ce ta mutu ba zato, kuma idona ɗaya yana gani dishi-dishi. Kin san yadda na Mama ya fara. Na je asibiti a Hobart, an ɗauki hoton ƙwaƙwalwata, tabo ɗaya tak aka gani. An zuƙi ruwan ƙashin bayana, shi ma bai nuna komai a fili ba. Likitar ta ce da wannan kaɗai ba za ta kira shi MS ba, wato ciwon jijiyoyi irin na Mama, kuma maganinsa mai ƙarfi ne, ba a ba da shi da ka. Wai in jira. Na tambaye ta, in jira me, in sake faɗuwa? Ta sunkuyar da kai.

Akwai masu bincike da ke neman alamar ciwon a cikin jini. Na miƙa musu hannuna su ɗebi jini tun kafin su gama bayani.

Ƙanwarki,
Tegan

Watan Yuni

Yaya Narelle,

Ina gaisuwa. Ya jikin ɗanki Ambrose, tarin ya sake shi?

Sakamako ya fito. Ashe in jijiya tana lalacewa, wani sinadarinta yakan tsiyayo cikin jini. Nawa ya yi yawa ƙwarai. Wallahi murna na yi, don ko Kelvin, mijin nawa, ya fara cewa gajiya ce kawai, in rage shan kofi. Amma mai binciken ya ce jinin yana nuna ana ɓarna ne, ba ya faɗin mai yin ta. Bugun kai ma yana iya ɗaga shi. Na tuna masa faɗuwata, sai ya ce, "To kin gani."

Na roƙi likitar har da kuka. Na ba ta labarin yadda muka riƙa juya Mama a gado muna 'yan makaranta. Ta riƙe hannuna, ta matso da ranar hoto na gaba zuwa Satumba.

Kullum da safe nakan tsunkuli yatsun ƙafata kafin in sauko. Na daina ɗaukar 'yata Isla, ina tsoron in yar da ita.

Taki,
Tegan

Watan Agusta

Yaya Narelle,

Da fatan kuna lafiya. Kada rubutun ya ba ki tsoro, na Kelvin ne. Ni ke faɗa, shi ke rubutawa.

Ban kai Satumba ba. Ina yanka wa Isla burodi wuƙa ta suɓuce, hannun dama ya ƙi rufuwa. Sabon hoto ya nuna tabo ko'ina. Yanzu kowa ya yarda, MS ne, an fara mini ƙarin ruwan magani. Likitar ta ce hannun zai iya dawowa, wataƙila rabi.

Masu binciken suna neman jinin 'yan'uwan masu ciwon. Na san tun jana'izar Mama kika ce kin bar tsibirin nan na Tasmaniya. Duk da haka ki zo, Yaya. Ki zo ki ba su jinin, ki kuma taje wa Isla kai, don ubanta bai iya ba, ni kuma na kasa riƙe mataji.

Ƙanwarki,
Tegan