Tiren Janar

Litinin, 6 ga Mayu 2024

'Yata Celestina ta fara. Wai kafin dangin Prosper su zo daga Manchester gaisuwar nema masa auren jikata Chloe, a kwashe kayan Janar daga durowar gilashin falo: hotonsa, kalandar 1971, bajen hulata. Dalili, su mutanen Gabas ne. "Baba, please, kwana ɗaya kawai." Na ce 'yar nan, gidanki ne, amma durowar tawa ce, da ƙafafuna na je Small Heath na zaɓo ta.

Laraba, 8 ga Mayu

Bari in rubuta, tunda ba mai son ji. Ina da shekara goma sha tara, ina soja a yaƙin basasa, harsashi ya fasa mini cinya. Motoci uku suka wuce ni a bakin hanya. Ta huɗu ta tsaya, Janar ne. Ya sa aka ɗora ni a kujerarsa, shi ya koma baya ya zauna kan akwatin harsasai. Ƙafar da nake hawa bas da ita a Perry Barr, tasa ce.

Na san abin da ake faɗa a kansa, batun kisan da aka yi a garin nan na bakin kogi. Ina asibiti lokacin. Ban gani ba.

Asabar, 11 ga Mayu

Chloe ta kira daga Fallowfield, Hausarta kamar tana tauna tsakuwa. "Kaka, na karanta Janar ɗinka a jami'a." Na ce ke karanta shi kika yi, ni jinina ya ɓata masa kujera.

Juma'a, 17 ga Mayu

Na dawo daga wurin likita na tarar da durowa fayau. Celestina ta kai komai sama.

Amma ta manta tire. Tiren tangaran da aka raba mana bikin shekara goma da gama yaƙi, fuskar Janar a tsakiya. Marigayiya uwarta ba ta taɓa kai wa babban baƙo abinci a kan wani ba, har duk gidan suka daina ganin fuskar. Tiren baƙi kawai suke ce masa. Ni ban tuna mata ba. Aikina ne?

Asabar, 18 ga Mayu

Sun zo su shida. Babbarsu kakar Prosper, Mama Alice, 'yar ƙaramar tsohuwa da sanda. Ta buɗe baki sai ga Hausar Jos tsaf, ta fi ta Celestina. A can aka haife ta, suka gudu a sittin da shida. Muka yi ta hirar kasuwa da sanyin Disamba. Ta ce rabonta da masa tun tana yarinya.

Celestina ta shigo da masa tuli a kan tiren, ta ajiye gabanta. Ina kallo. Aka ci, hula ta bayyana. Aka ci, ga goshi. Zan iya tashi in ɗauke. Ban tashi ba. Gaskiya har da ɗan daɗi a raina.

Mama Alice ta ɗauki ta ƙarshe. Ta daɗe tana duban tiren. Ta ce, "Baban Celestina, wannan naka ne?" Na ce nawa ne, shi ya ceci raina. Ta ce, "To, madalla. Ni yayyena biyu aka kira fili ranar da ya shigo garinmu, ba su dawo ba." Sai ta mayar da masar daidai kan fuskarsa, ta goge yatsunta.

Ba a yi faɗa ba. Ba a kuma yi maganar da ta kawo su ba. Ƙarfe huɗu suka kama hanya.

Lahadi, 19 ga Mayu

Ba mai yi mini magana. A coci ma Celestina can gefe ta zauna. Ni na aiki kowa fili?

Talata, 21 ga Mayu

Chloe ba ta ɗaga wayata. Uwarta ta ce dangin Prosper sun ce a dakata tukuna. In tire ɗaya zai rushe aure, dama can ba ginin kirki ba ne. Haka na ce. Na sake faɗa da ƙarfi don ta ji daga kicin.

Tiren yana nan yadda aka bar shi, masar ta bushe a kai. Ba wanda ya taɓa. Ni ma.

Asabar, 25 ga Mayu

Na hau doguwar bas zuwa Manchester, ban gaya wa kowa ba. Ba haƙuri na je bayarwa ba, masa na kai, a roba. Tsohuwa ta ce rabonta da ita tun yarinta, kuma ba ta ci ta ƙarshe ba.

Ta bar ni tsaye a ƙofa har ƙafar ta fara magana. Sannan ta ce, "Shigo, soja, kada ka faɗi a ce ni ce." Na ba ta labarin motar. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Na yarda ya tsaya maka." Ita ma ta ba ni nata. Ya fi nawa tsawo.

Ta ci uku. Ta ce gishiri ya yi kaɗan, in gaya wa Celestina ta gyara kafin su dawo.

Lahadi, 2 ga Yuni

Na mayar da baje da kalanda durowa, nawa ne, ba mai hana ni. Hoton yana sama tukuna, matakalar nan ba ta son gwiwata. Tiren na wanke na naɗe cikin zanen marigayiya, bakinsa ya fara tsatsa, kada ya yanki wani. Na sayo sabo fari, ba komai a jikinsa.

Tomas da Ifeanyi. Ni na tambayi Mama Alice sunayen yayyenta. Na rubuta ne kawai saboda mantuwa ta yi mini yawa kwanan nan.