Na Sa Jallabiyar Baba Ranar Lallen Safiya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa, da fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ina sanar da ke cewa an ɗaura auren jikarki Safiya, 'yar Yaya Usman, an kai ta ɗakinta a unguwar Kalakla. Sai kuma labarin da ya sa na ɗauki alƙalami: na yi wasan Mahajjaci ranar lallenta, kuma tun daga ranar ɗanki bai sake amsa gaisuwata ba.

Ke kika gaji wasan nan daga Kaka, ita ma a bakin tata uwar ta ji shi. Mata zalla ke yi, mata zalla ke kallo. Labarin tsohon da ya taso daga ƙasar Hausa zai je Makka da ƙafa, ya yada zango wurin wata mai shayi a nan Kasuwar Umdurman, kullum yana cewa gobe zai wuce, har haƙoransa suka zube. Duk gidan da aka yi lalle a unguwarmu, ke ce Mahajjaci.

Ina ganinki har yanzu cikin jallabiyar Baba, rawani ya karkace, gemun auduga manne a haɓarki. Mai shayi ta tambaye ki yaushe za ki kama hanya, ki ce, "Sandata ta gaji, sai ta ji ɗumin murhunki take miƙewa." Mu yara sanda muke gani. Matan aure kuwa har birgima suke yi a tabarma, ke ko murmushi babu, kina tsaye kina jiran su gama.

Da na taɓa tambayarki abin dariyar, rankwashi na sha. Kika ce, "Magana mai harshen damo ba a yi mata tafinta. Wadda ta kai ta ji, wadda ba ta kai ba ta jira shekarunta." Sai da na yi aure na gane irin ta'asar da kike yi a gaban surukanki, ba wadda ta isa ta kama ki da kalma ɗaya.

Da bikin ya matso, Yaya ya aiko a ce mini kada a yi wasan. Wai dangin ango ba Hausawa ba ne, za su zaci zagin su ake yi da wani yare, kuma ba ya so a tafi ana cewa gidan Fallata aka auro, sunan da 'yan ƙasa ke kiran mu baƙin yamma da shi. Da na je na same shi ya ce, "Shi ke nan, 'yar'uwa, in dole ne ku yi da Larabci." Inna, na gwada. Da na juya shi, wani wurin ya koma batsa tsirara, wani wurin ya zama salam kamar miyar da aka manta da gishiri. Na ce masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma mutanen nan sun san gidan da suka zo neman aure.

Ranar lallen na hau raksha, keke mai ƙafa uku, da jallabiyar a ƙunshe cikin tobina, mayafin nan namu. Hajiya Zainabu, ƙawarki, ita ta yi mai shayi, ga ciwon gwiwa, sai a kan kujera ta yi nata.

Ba zan yi miki ƙarya ba, tsakar gidan bai girgiza kamar a zamaninki ba. 'Yan matanmu sun ɗaga waya suna ɗauka, suna tambayar juna da Larabci me na ce. Tsofaffi kaɗan ne suka yi dariya, amma sun yi ta har da hawaye, irin dariyar da ban ji ba tun kafin yaƙi ya warwatsa mu. Uwar ango ta zauna tana kallo har muka gama. Ko ta ji haushi, ko gundura ta yi, ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Yanzu Yaya ya aiko cewa sai na je Kalakla na ba surukansa haƙuri, in ba haka ba kada in sake taka gidansa. Abin ya yi mini ciwo, don shi kaɗai ya rage mini daga cikinki. Na yi kuka, Inna, har idona ya kumbura. Amma ba zan je in ba da haƙuri a kan harshen da kika yi mini tawai da shi ba. Kuma duk gidan da aka kira ni, zan sake ɗaura rawanin, ko da tsohuwa ɗaya ce za ta gane.

Ranar Juma'a zan je gaishe shi kamar yadda kika saba mana. In ya rufe ƙofa, zan yi sallama daga waje, in jira, in dawo Juma'a mai zuwa.

Na yi kewarki, Innata. Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya sanyaya zuciyar ɗanki, ni kuma kada ya lanƙwasa tawa.

'Yarki mai taurin kai,
Amina
Umdurman