Hannu a Kan Kawu Boonlert

Lampang, Tailan

Mama,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya ƙafarki? Yaya ƙanena Dodong da karatu? Ni lafiya lau, koyarwa na tafiya daidai. Tarin nan ya ragu, bai dai tafi duka ba.

Ikilisiyarmu ɗaki ɗaya ce, kuma mutum ɗaya na samu ya amsa gayyatata: Kawu Boonlert, tsoho mai gyaran keke a layinmu. Da ya ce kansa na ciwo, sai na ɗora masa hannu a ka na yi addu'a, yadda muke yi a gida. Ashe a nan ba a taɓa kan babba. Ya tashi ya fita. Na ɗauka na rasa shi ke nan.

Ranar Lahadi sai ga shi, har da matarsa. Ya ce, "Malama ƙarama, kaina ba kwakwa ba ne. Ga hannuna, riƙe nan."

Matar ta ce, "Rabu da shi, 'yata. Dafa kan da kyau, ko hankali ya shiga."

Ki gaya wa Fasto Rodel, yanzu masu zuwa sun ƙaru, har aron kujeru muke yi. Ubangiji ya tsare ku.

'Yarki,
Jovelyn