Farantan Nadim

Ammi,

Gaisuwa daga Sharja. Yaya ƙafarki, yaya mutanen Muradabad? Ina lafiya. Ruwan sinadarin masana'antarmu ya ɗan tsattsaga min yatsu, amma da sauƙi.

Kin ce unguwa tana ta yabon farantan da Nadim ya yi wa shafen azurfa, wai ya gaji hannun Abba a sana'ar. Wa ya koya wa ƙanin nan nawa cewa azurfa ba ta hawa tagulla da kanta, sai wutar lantarki ta tilasta mata? Ni ne. Shekara tara na yi a shagon Abba, ba wanda ya yaba.

Na ga hoton farantan da kika aiko, gefensu ya yi duhu. Kwana uku ina cewa ba zan faɗa ba. Ki ce masa ya rage ƙarfin wutar, ita ke jawo duhun, kafin masu farantan su lura.

Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Ikrar