Gyaran Fim Ba na Sayarwa Ba Ne

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni ce Safiyya, 'yar marigayi Malam Bilya mai hoto na Gyaɗi-Gyaɗi. Ina rubuta wannan da hannuna, hankalina ɗaya, ba zafin ciwo ne ya sa ni ba, kuma babu wanda ya ce in rubuta. Muna cikin watan Sha'aban, shekara ta biyu da soja suka miƙa mulki. Ku yi haƙuri da rubutun, kun san a aji shida na tsaya.

Zuwa ga ƙannena, Isyaku da Indo da Bello. Na san iyaye ne suke bar wa 'ya'yansu wasiyya, ni kuwa shekarata goma sha bakwai, ban haifi kowa ba. Amma tun da Inna ta rasu wajen haihuwar Bello ni na goya shi, tun da Baba ya bi ta kuma ni nake riƙe da shago. Ku karɓa daga hannuna kamar yadda za ku karɓa daga nasu. Da baki ba zan iya ba. Na gwada ranar Juma'a, da kuka zauna kuka zuba mini ido, sai kawai na ce a miƙo mini ruwa.

Sikilar nan ta taɓa ƙoda. Likita bai faɗa mini ba, Kaka ya ja gefe ya gaya mata. Amma aikina kallon fuska ne, na ga tata da ta dawo. Allah Yana iya tashina. Idan bai tashe ni ba, ga abin da nake roƙo.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar Baffa Audu. Na ji shi daga ɗaki yana ce wa Kaka idan ta Allah ta kasance, a sayar da kayan shago, ya tafi da Isyaku garejinsa na Hotoro, Indo ta koma wurin Gwaggo a Darmanawa, Bello ya zauna da Kaka kafin a ga abin da hali ya yi. Ba mugunta ba ce, kada ku riƙe shi. Gani yake yi hoto ba zai ci da gida ba. Shagon nan ne yake biyan hayar ɗakinmu. Idan ya tsaya da ƙafarsa, babu mai raba ku. Idan ya faɗi, kowa da inda za a kai shi. Shi ya sa za ku ga yawancin wasiyyata maganar farashi ce.

Na ɗaya, kayan shago. Kaka ta tambayar mini liman, ya ce Allah Ya riga Ya yi rabon gado, ba ni da ikon cewa wane ya ɗauki kaza. To, roƙo nake yi. A ƙiyasta kayan, kowa ya san rabonsa, amma kada a mai da su kuɗi, a bar su suna aiki. Babbar kyamara da filasha su zauna a hannun Isyaku, ƙaramar a hannun Indo. Labulen bango mai hoton lambu ya yage ta ƙasa, ku riƙa ajiye tukunyar fulawar roba a wurin, ba a gani. Dokin katakon da ake ɗora yara a kai, Bello yana ganin nasa ne. Ku bar shi a haka. Sai dai Bello, idan aka kawo yaro hoto, ka sauka ba kuka.

Na biyu, yadda ake yanka farashi. Isyaku, wannan naka ne, ka karanta shi sau biyu. Fim ɗaya naira ɗari biyu da hamsin. Wankinsa duka ɗari biyar da arba'in. Batir sittin, acaɓa zuwa wurin wanki da dawowa hamsin. Ka ga ɗari tara ke nan kafin ka sha ruwa. A jikin kwalin fim an rubuta hoto talatin da shida, amma kada ka raba kuɗin gida talatin da shida, ka raba gida talatin. Shida ba naka ba ne. Akwai wanda zai ƙifta ido, akwai yaron da zai juya kai, akwai wadda za ta ce an ɓata mata hanci ta ƙi karɓa, akwai wanda ba zai sake dawowa ba. Ke nan kowane hoto naira talatin ya tsaya maka. Muna sayarwa hamsin. Ashirin ɗin nan ita ce haya, ita ce tuwo, ita ce kuɗin makarantar Indo. Duk ranar da fim ko wanki ya tashi, ka sake lissafin a ranar, kada ka jira wata ya ƙare.

Kwalin farashi da ke rataye a ƙofa, kada ku sauke shi. Kun san dalilin da na rubuta shi. Farkon zamana a shago, idan aka tambaye ni nawa ne sai in ji nauyin faɗa, mutum ya faɗi abin da ya ga dama in ce to. Sati biyu ina aiki, gwangwanin kuɗi bai ƙaru ba. Da na rataye kwali sai in nuna shi da yatsa kawai. Kwali ba ya jin nauyin kowa, ko da Gwaggo ce ta zo tana cewa ai ita uwa ce. Idan kuna so ku yi wa ɗan'uwa alheri, ku ba shi hoto ɗaya kyauta ku ce kyauta ce. Kada ku rage masa farashi, don gobe da wannan farashin zai aiko maƙwabtansa.

Na uku, biki da suna. Indo, nan ne ƙarfin shagonmu, kuma a hannunki yake. Masu hoto maza sun fi goma tsakanin nan da Tarauni, amma iyakarsu zaure. Ni ake bari in shiga har ƙuryar ɗaki inda amarya take, saboda ni mace ce, kuma ba na kai labarin gidan kowa waje. Ke bakinki ya fi nawa, zai yi miki amfani wajen ciniki, amma abin da kika gani a gidan mutane ki bar shi a can. Ki karɓi rabin kuɗi kafin ki sa fim. Uwar biki tana da kuɗi ranar kamu, ranar da za ki kai hotuna kuwa an riga an cinye. Ƙawayen amarya za su yi ta ja miki mayafi suna cewa a ɗauke su. Duk mai so ta ba da naira ashirin a nan take, sauran idan hoto ya fito. Wasu masu hoton sukan danna filasha kawai ta haska, babu hoton da aka ɗauka, don a rabu da su. Baba ya hana. Ya ce mace ta gyara ɗaurinta ta yi murmushi, kai kuma ka yi mata ƙarya da haske, wannan ba sana'a ba ce.

Na huɗu, 'yan siyasa. Yanzu kakarsu ce, kuma an ce za a riƙa zaɓe a kai a kai. Suna kawo aiki mai yawa, hoton fasta da na taro. Ku yi musu, amma su biya duka tun kafin. Kun tuna mai neman kansilan nan da ya sa na ɗauke shi da hula uku daban-daban, ya ce idan sun ci za a sallame ni. Sun ci. Har yau idan ya wuce a mota fuskar da na ɗauka nake gani a jikin gilashin baya. Na yafe masa, kada Isyaku ya je ƙofar gidansa. Kuma kada ku manna fastar kowa a shago. Kowace jam'iyya tana da 'ya'yan da za a yi wa suna.

Na biyar, bashi da sulhu. Wurin wanki suna bina kuɗin fim biyu, ku biya kafin a yi sadakar uku. Ban san wani bayan wannan ba. Idan wani ya zo da magana, ku ba shi, kada a tsare ni a kan naira hamsin.

Sulhun kuwa tsakanin Isyaku ne da Baban Grace, Malam Timothy mai shagon hoto na tsallaken titi. Da ya mai da hotonsa naira arba'in, ka tsallaka ka gaya masa magana a gaban 'yarsa, ka dawo kana cewa mu ma mu koma talatin mu kashe masa kasuwa. Ka duba lissafin da ke sama, ka ga kasuwar wa za ta mutu. Shi katan guda yake sayen fim a Sabon Gari, shi ya sa yake samun sauƙi. Kai ƙarami ne lokacin, ba ka lura ba: da Baba ya rasu, mutumin nan ya rufe shagonsa har aka share makoki, yana zaune a tabarma da Baffa. Shi ya koya mini yadda ake saita filasha a ɗaki mai duhu, bai karɓi ko sisi ba. Ka je ka durƙusa ka gaishe shi, ka ba shi haƙuri. Ka roƙe shi ku riƙa haɗa kuɗi kuna sayen katan tare. Ka kuma roƙe shi ya yi wa Baffa bayanin abin da shago yake kawowa. Baffa zai fi jin maganar babba.

Na shida, nagetif, wato fim ɗin da aka riga aka wanke. Suna cikin gwangwanayen biskit a saman kwaba, kowane da sunan unguwa a jiki. Kada ruwa ya taɓa su, kada ku ba kowa nasa ya tafi da shi. Wanda ya dawo neman ƙari, kuɗin wanki kawai za ku kashe, ribar ta fi ta sabon ɗauka. Amma idan aka zo neman hoton wanda ya rasu, kuɗin wanki kaɗai za ku karɓa. Haka Baba yake yi. Za ku gane su tun daga ƙofa, ba sa kallon kwalin farashi.

Na bakwai, shi ne na ƙarshe, kuma saboda shi na ɗauki biro.

Kun san yadda Baba yake sa fim. Yakan shiga inuwa, ya ja bakin fim ɗin ɗan kaɗan iya yadda zai kama, ya rufe, ya murɗa sau ɗaya maimakon uku. Idan aka yi haka, bayan na talatin da shida sai a sami ɗaya, wani lokaci biyu. Baba yana kiran sa gyara. Ya ce kamar yadda mai awo take ƙara maka ɗan hannu bayan ta cika kwano, haka fim yake yi wa mai lallaɓa shi. Wata rana wani Alhaji ya ce a ɗauke shi da wanda ya rage zai biya ninki, Baba ya rataye kyamara a kafaɗa ya ce, "Alhaji, gyara na 'yan gida ne, ba na sayarwa ba ne."

Duk hotunanmu na gida gyara ne. Shi ya sa idan kun ɗaga nagetif ɗin bikin wasu, a can ƙarshe za ku ga Indo da bakinta duk manja, ko Isyaku ranar da ya sauke izu biyar, ko Inna tana tankaɗe ba ta san ana ɗaukarta ba. Shi Baba babu shi ko ɗaya. Mutumin da ya ɗauki rabin Gyaɗi-Gyaɗi, da muka nema bayan rasuwarsa ba mu samu ba, sai a hoton Sallar nan da kuke tsaye a ƙofar gida, inda inuwarsa ta faɗo a ƙasa kusa da ƙafar Indo, gwiwar hannu a ɗage. Bello, wannan inuwar ita ce Babanka. Hoton yana ƙarƙashin katifata, a sa shi a gilashi.

Jiya na zazzage gwangwanin hotunanmu na gida ina neman kaina. A wani na sa hannu na rufe fuska, a wani gefen mayafina ne kawai a bayan ƙofa. Baba yakan ce, "Safiyya, ɗago mana," ni kuwa sai in gudu. Bayan shi kuma ni nake bayan kyamara. Bello shekararsa shida. Na yi ta tunanin abin da za ku nuna masa idan ya girma ya ce yaya kamannin wadda ta goya shi.

Fim ɗin da ke cikin babbar kyamara yanzu na taron suna ne a gidan Malam Usaid na Ƙauyen Alu. Na ɗauki talatin da shida cif, ban naɗe shi ba. Ni na sa shi da hannuna, na san akwai gyara. Isyaku, idan ka je ba Baban Grace haƙuri, ka ce masa yayarka tana roƙon ya zo da hantsi, lokacin da haske yake shigowa ta ƙofar shago, ya danna mana. Indo ta ɗaura mini shuɗin mayafina. Ku tsaya ta yadda ƙafafuna ba za su fito ba, sun kumbura. Bello ya hau dokinsa. Zan ɗago, na yi alkawari. Kada ku jinkirta, masu suna suna jiran hotunansu, ni ma ban san nawa ya rage mini ba.

Bayan wannan, kowane fim kuka sa, ku sa shi yadda Baba yake sawa. Gyaran da ya fito, ku ukun za ku tsaya a ciki, ko da faɗa kuka yi da safe, ko da Grace za ku kira ta danna muku. Kada a ɗauka idan ɗaya ba ya nan, a jira shi. Ku riƙa kai wa Baffa Audu yana gani.

Ku riƙe salla. Ku ji maganar Kaka, ku riƙa karɓar mata tulu, bayanta ya gaji. Isyaku, kada ka daki Indo. Indo, kada ki sa shi ya so dukanki. Duk wanda na ɓata wa a cikinku ya yafe mini, ni ban riƙe kowa da komai ba. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa wa shagon nan albarka, Ya raya mini Bello. Allah Ya jiƙan Inna da Baba, Ya sada ni da su cikin rahamarSa. Allah Ya bar ku a ɗaki ɗaya har ku girma.

Fim ɗin yana cikin kyamara. Kada wanda ya buɗe bayanta kafin Baban Grace ya zo.

Yayarku,
Safiyya Bilya